Kama da Wane Ba Ta Wane: Funfunar da Ke Cin Amfaninmu da Jikinmu a Fadamar Haɗejia

Wanda ya taɓa bin hanyar Haɗejia zuwa Kirikasamma ko Guri da kaka, lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadama, ya san yadda gefen titi ke komawa wurin shanya. Nan shinkafa a kan tamfol, can gyaɗa a baje a ƙasa, gaba kaɗan ga riɗi an tsayar da shi dami-dami. Kowa sauri yake ya ga amfaninsa ya bushe kafin laima ta kama shi. Idan ka shiga cikin gida kuma, za ka tarar da tsohuwa zaune da faifai a cinya tana tsintar gyaɗa. Mai kyau tana jefa ta a ƙwarya guda. Wadda ta motse, ko ta yi wani kore-kore kamar an barbaɗa mata kuka, tana jefa ta a wata ƙwaryar tana cewa, "Wannan ta yi funfuna."

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, ina ƙwarya ta biyu take zuwa? Ba kasafai ake zubar da ita ba. Ko dai a watsa wa kaji, ko a sayar da arha ga masu ƙuli-ƙuli, ko a daka a zuba a miya. In ka yi magana sai a ce maka, "Ai wuta za ta kashe komai." Gaskiyar magana, wuta tana kashe funfunar, amma gubar da wasu nau'o'inta ke bari a cikin ƙwaya ba ta jin dahuwa, ba ta jin suya.

Na ce "wasu nau'o'inta" ne da gangan, domin nan ne gizo ke saƙar. Mu a bakinmu kalma ɗaya ce: funfuna. A wurin masana kuwa al'umma ce guda, mai dangi da zuriya, kowa da sunansa da halinsa. Akwai mai kisa, akwai mai magani, kuma sau da yawa ido ba ya raba su. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fagen dai, ido shi kaɗai bai san kima ba.

Mece ce funfuna?

Shekaru aru-aru masana suna lissafa funfuna cikin tsirrai. Sai a 1969 aka ware mata nata rukunin, domin ba ta haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda ganye ke yi. Zaruruwa take shimfiɗawa, sirara fiye da gashi, ta narkar da abin da ta hau, ta tsotse. Laimar kwaɗi da ke fitowa a juji da damina 'yar gidan ce. Haka yistin da ke kumbura burodi da fanke, haka burtuntunar da ke baƙanta zangarniyar dawa, haka makeron da ke zagaye fatar yaro. Daga funfuna aka samo maganin fenisilin a 1928. Binciken ƙwayoyin gado ma ya nuna ta fi kusa da dabbobi a kan tsirrai, shi ya sa samun maganin da zai kashe ta ba tare da ya taɓa jikin mutum ba yake da wuya, magungunanta kuma ba su da yawa.

Masana sun ƙiyasta cewa nau'o'inta a duniya sun haura miliyan 2, amma waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce kusan 150,000 ba. Mafi yawan waɗanda ba a sani ba ana kyautata zaton suna ƙasashe masu zafi irin namu. Zafi da laima su ne abincin ranta, fadamar Haɗejia kuwa tana da duka biyun. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da dama, ga kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta shiga gonaki da gidaje da rumbuna. Duk hatsin da ya jiƙa aka tsamo shi, duk bangon da ya sha ruwa, duk ƙafar da ta wuni cikin taɓo, gona ce ga funfuna.

Yadda ake gane ta

Matakai uku masana ke bi. Na farko shi ne shuka. Ana ɗaukar ɗan abin da ake zargi, ƙwayar gyaɗa ko ɓawon fata ko kaki, a ɗora a faranti mai abinci na musamman, a rufe, a jira kwanaki ko makonni. Sai a duba launin abin da ya tsiro, sama da ƙasa, da saurin yaɗuwarsa. Na biyu shi ne madubin likita, inda ake duba siffar zaruruwan da yadda suke ɗauke da ƙurar irinsu. Da irin wannan kallon ne wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, ya raɗa wa wata zuriya suna Aspergillus a 1729, saboda kanta ya yi masa kama da abin yayyafa ruwa na coci.

Mataki na uku shi ne karanta ƙwayoyin gado, wato DNA. A 2012 masana suka amince da wani yanki na DNA a matsayin shaidar da za a riƙa tantance funfuna da ita, kamar zanen yatsa ga mutum. Tun daga nan aka riƙa gano cewa abubuwa da dama da ake ɗauka nau'i ɗaya ne, ashe biyu ne ko biyar, sun yi kama ne kawai. Mai karatu zai iya cewa wannan ai gardamar malamai ce, me ya shafi manomin Auyo? Mu koma kan ƙwaryar tsohuwa mu gani.

Gubar da ba ta jin wuta

A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili. Da aka bi diddigi sai aka gano abincin da aka ba su ne, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Wata funfuna mai launin kore da rawaya, Aspergillus flavus, ita ta zuba guba a ciki, daga sunanta kuma aka samo sunan gubar, afalatoksin. Tana kama gyaɗa da masara tun a gona, musamman idan fari ya galabaitar da shuka ko ƙwari sun huda ƙwaya, sannan ta ci gaba da yaɗuwa a buhu idan ba a shanya da kyau ba. Riɗi da barkono da busasshen kifi ma ba su tsira ba idan laima ta kama su. Idan saniya ta ci gurɓatacciyar dusa, wani kaso na gubar yana fitowa a nononta.

Gubar tana cikin sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara 480 a Benin da Togo ya sami alamarta a jinin kusan dukkansu, kuma waɗanda suka tsumbure sun fi sauran yawanta. A Kenya, a 2004, mutum 317 suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu suka rasu. Saboda haka ne Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce kashi 4 cikin biliyan na wannan guba, Amurka kuma ta tsaya a kan kashi 20. Jihar da ke tinƙaho da riɗi kamar Jigawa, wadda kayanta ke tashi daga kasuwannin Maigatari da Gujungu har ƙasashen waje, wannan ma'auni ya shafi aljihunta kai tsaye.

To ga inda sanin suna ya yi rana. Ita Aspergillus flavus ɗin nan tana da 'yar'uwa, Aspergillus oryzae, wadda kusan ba a raba su ko a madubi, amma ita mutanen Japan da ita suke haɗa kayan miyarsu na waken soya tun ɗaruruwan shekaru, ba ta cutar da kowa. A ɗaya ɓangaren kuma, an daɗe ana samun wata a gonakin Najeriya da Benin wadda ake lissafa ta kusa da flavus, amma ta fi ta zuba guba nesa ba kusa ba. Sai a 2019 aka tabbatar mata da sunanta na kanta, Aspergillus aflatoxiformans. Har cikin ita flavus ɗin, akwai zuriyar da ba ta iya yin guba ko kaɗan.

Wannan bambancin ne masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da abokan aikinsu na Amurka, suka mayar makami. Sun tattaro dubban samfura daga gonakin Najeriya, suka tace, suka zaɓi zuriya 4 marasa guba. Aka shafa ƙurar irinsu a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Shi ne Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. An kori funfuna da funfuna, kuma da ba a iya raba wane da mai kama da wane ba, da babu wannan magani.

Shinkafa da alkama

A gonakin noman rani na kwarin Haɗejia, manomi kan wayi gari ya ga ganyen shinkafarsa ya fara ƙonewa. Sai ya garzaya shago ya ce a ba shi maganin feshi. Amma ƙonewar ganye iri-iri ce. Idan tabon yana da siffar ido, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ja-ja, har wuyan zangarniya ya karye ƙwaya ta zama fanko, wannan aikin funfuna ce mai suna Pyricularia oryzae. Idan bushewar ta faro daga bakin ganye tana gangarowa, mai yiwuwa bakteriya ce. Idan shukar ta yi rawaya ta tsumbure, mai yiwuwa bairos ne. Maganin funfuna ba ya taɓa na biyu da na uku. Wanda ya fesa shi a kansu ya zubar da kuɗinsa, ya kuma ƙara wa ruwan da masunta ke kamun kifi a ciki sinadari a banza.

Wannan funfunar ta shinkafa tana da wata zuriya da ta koma cin alkama. An fara ganinta a Brazil a 1985, ta ɓulla a Bangladesh a 2016, sannan a Zambiya a 2018. A madubi kamarsu ɗaya da ta shinkafa, sai gwajin DNA ke raba su, kuma tana bin iri daga ƙasa zuwa ƙasa. Ga yankin Haɗejia da aka zaɓa aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a cikinsa a watan Nuwamban 2023, wajibi ne a san asalin duk irin da ke shigowa, a kuma sami idon da zai gane baƙuwar cuta tun tana gona ɗaya.

Daga fatar kai zuwa tafin ƙafa

Shiga kowace makarantar allo ko firamare ka dubi kawunan yara. Za ka ga masu farin tabo zagayayye, gashin wurin ya kakkarye. Ƙora ke nan, funfuna ce da ke cin gashi, tana yaɗuwa ta aska ɗaya, hula ɗaya, tabarma ɗaya. Gano ta ba wuya. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai kankaro ɗan ɓawon wurin da guntayen gashi, ya ɗora a gilashi, ya ɗiga sinadarin da ke narkar da fata ya bar zaruruwan funfuna, cikin 'yan mintuna ya gan su a madubi. Manyan masu haddasa ta a Afirka ta Yamma biyu ne, Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii, kuma maganin da ya fi kama ɗaya ba shi ya fi kama ɗayar ba. Abin da ya haɗa su shi ne, man shafawa kaɗai ba ya kai wa saiwar gashi, sai an haɗa da na sha na makonni. Mayukan nan masu haɗin sinadarin kashe ƙaiƙayi da ake saye a kemis kuwa, suna kwantar da ja da ƙaiƙayi, funfunar kuma ta ci gaba da bazuwa a ƙarƙashi.

Haka farin tabo a ƙirji ko baya. Yawanci ƙyasfi ne, wanda wani yisti na fata ke kawowa, ba shi da haɗari. Amma farkon kuturta ma da farin tabo yake zuwa. Bambancin shi ne tabon kuturta ba ya jin taɓi: a goga auduga a wurin, mutum ba zai ji ba. Wanda ya yi shekara yana shafa maganin ƙyasfi a kan tabon kuturta, ya ba cutar shekara guda kyauta tana cin jijiyoyinsa.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ƙafa. Manomi ko makiyayi zai taka ƙayar gabaruwa ko ta aduwa, ya cire, ya manta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan watanni sai wani ƙullutu ya fito, ba ciwo, ba zafi. A hankali ƙafar ta kumbura, ta huhhuje, tana fitar da ruwa haɗe da wasu 'yan tsabobi kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Wani ya ce tundurmi ne, wani ya ce sammu ne aka taka. Likitoci suna kiranta maisetoma. An fara bayyana ta a Madurai ta Indiya a 1842, kuma ta fi yawa a wata ɗamara ta busassun ƙasashe da ta ratsa Senegal da Muritaniya da Nijar da Chadi da Sudan, wadda arewacin Najeriya ke cikin layinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016.

Halittu fiye da 70 ne ke iya haddasa ta, wasu funfuna, wasu bakteriya, a ido kuma ƙafar iri ɗaya ce. Launin tsabar shi ne shaidar farko. Baƙa, aikin funfuna ne, galibi Madurella mycetomatis. Ja, bakteriya ce. Fara ko rawaya, sai an kai ɗakin gwaji. Ta bakteriya tana warkewa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a mafi yawan lokuta. Ta funfuna kuwa sai an sha magani na kusan shekara, a haɗa da tiyata, in an makara ta kai ƙashi sai yanke ƙafa. Cibiyar binciken wannan cuta da Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa a Khartoum a 1991 ta daɗe tana nanata cewa zuwa da wuri shi ne ceton ƙafa. Tsabar da majiyyaci ke sharewa da tsumma ya yar, ita ce takardar da likita ke buƙatar karantawa.

Tarin da ba tibi ba

Akwai kuma wanda zai sha maganin tarin fuka, wato tibi, wata 6 cur, a gwada kaki a ce babu ƙwayar cutar, amma tari bai tsaya ba, rama na ci gaba, har da aman jini. Sau da yawa sai a sake ɗora shi a kan maganin tibi. Alhali tibi kan bar rami a huhu, wata Aspergillus kuma ta shiga ramin ta yi gida. A hoton ƙirji suna kama da juna, gwajin jini ne ke bambanta su. Wata kuma, Histoplasma, tana zaune a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya taru, ita ma tana kwaikwayon tibi. Tana da nau'i na Afirka mai cin fata da ƙashi, wanda masu bincike suka gano maɓoyarsa a kogon jemagu na Ogbunike a jihar Anambra. Ga masu ɗauke da ƙanjamau kuma, wani yisti mai suna Cryptococcus yana haddasa sanƙarau mai kisa, ga shi kuwa akwai ɗan tsinken gwaji da ke gano shi cikin minti 10.

A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari ga ɗan Adam, karo na farko a tarihinta. Cryptococcus da Aspergillus da Histoplasma da masu haddasa maisetoma duk suna ciki. Babban abin da hukumar ta koka da shi shi ne ƙarancin kayan gwaji da ƙwararru a ƙasashe masu tasowa. Cutar da ba a gwada ba, ba ta shiga lissafi, wadda ba ta shiga lissafi ba kuma ba a ware mata kuɗi.

Abin yi

Ba sai mun jira manyan na'urori ba. Madubin likita, kwalbar sinadari mai arha, tsinken gwaji, da ma'aikacin da aka horar, sun isa su gano kaso mai yawa na abin da muka lissafa. Ya kamata gwamnatin Jigawa ta tabbatar da waɗannan a manyan asibitocin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗejia, ta kuma shimfiɗa hanyar aika samfuri zuwa asibitocin koyarwa na Dutse da Kano. Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejia, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, suna zaune ne a bakin fagen bincike da masanan duniya ke marmari. Ɗalibansu su shiga fadamar Baturiya, su shiga kasuwar kifi, su shiga rumbuna, su tattara, su tantance, su rubuta mana abin da ke cikin ƙasarmu da sunansa. Malaman gona kuma a ba su horon da za su ce wa manomi "wannan funfuna ce, wannan ba ita ba ce" kafin ya taɓa aljihu.

Sauran aikin namu ne. Manomi ya shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, ya bari ƙwaya ta bushe har ta yi ƙaras a haƙori, ya ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Wanzami ya sauya reza ga kowane kai. Mai shiga daji ya sa takalmi. Wanda ya ga ƙullutu a ƙafa mai fitar da tsaba, ko ya gama maganin tibi tari bai tafi ba, ya koma asibiti ya nemi a gwada kafin a rubuta magani. Ke kuma Inna mai faifai, Allah ya saka miki da alheri da wannan tsintar, amma ƙwarya ta biyun nan a haƙa rami a binne abin da ke cikinta. Kada a ba yaro, kada a ba kaza, kada a kai kasuwa.